Shekara Shida a Wata Firamaren Karkara: Yadda Yara Suka Fara Karatu da Kansu

Makarantar da zan ba da labarinta tana wani ƙauye ne a arewa maso yammacin Najeriya. Da rani tafiyar kusan awa ɗaya ce daga hedikwatar ƙaramar hukuma, idan damina ta zauna kuwa sai an bar mota a bakin rafi an hau babur. Ba zan ambaci sunan garin ba, ko na malamanta, ko na ƙungiyar da na yi wa aiki. Na bibiyi wannan makaranta daga 2017 zuwa 2023 a matsayin jami'a a wata ƙungiyar raya ƙasa da ke samun kuɗinta daga waje. Kafin nan na yi shekaru ina koyarwa a firamare, don haka na san ƙurar alli, na kuma san nauyin aji a wuyan malami.

2017: Yadda muka tarar da ita

Gini biyu ne masu ajujuwa shida, biyu daga ciki iska ta yaye musu kwano. Malamai biyar ne har da hedimasta, sai malamin Arabiyya guda. A rajista yara sun haura ɗari huɗu, amma ranar da kasuwar garin da ke kusa da su take ci, da ƙyar ake ganin rabinsu. Aji ɗaya ya fi kowanne cika, yara zube a ƙasa guiwa na gugar guiwa. Kafin a kai aji shida sun tsiyaye sun koma 'yan tsiraru, 'yan mata kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. A tarurrukan birni ana yawan cewa mutanen karkara ba sa son boko. A wannan gari dai da ƙafarsu suke kawo 'ya'yansu aji ɗaya. Sai bayan shekara uku ko huɗu uba ya duba ya ga babu abin da ya shigo gida, ya janye ɗansa zuwa gona ko kiwo, uwa kuma ta ɗora wa 'yarta farantin talla. A zamanmu na farko da kwamitin kula da makaranta wani dattijo ya ce da ni: "'Yar nan, jikana shekararsa biyar yana zuwa nan. Ƙanena da ke ci-rani a Legas ya turo mini saƙo a waya, da Hausa ma ya rubuta. Na miƙa wa yaron nan, ya tsaya yana kallona. To me zan ce wa ubansa?"

Na rubuta maganar a littafina, amma ba ta shiga rahoto ba, domin fom ɗin da aka ba mu ba shi da gurbinta. Abin da fom ke tambaya shi ne yawan ajujuwa, benci, banɗaki, littattafai, da adadin maza da mata a rajista. Matsalar da muka rubuta wa makarantar ita ce ƙarancin kayan aiki da ƙarancin shigar 'yan mata.

Ƙarshen 2017 zuwa 2018: Rufi, benci da littattafai

An mayar da kwano, an kawo benci, an gina banɗaki daban na mata. An yi gangamin shigar da yara, mai shela ya zaga unguwanni, an raba jakunkuna. Rajista ta ƙaru sosai a zangon da ya biyo baya, musamman ta 'yan mata a ƙananan ajujuwa. An kuma sauke kwalayen littattafan Turanci, lissafi da kimiyya.

Da na koma bayan wata biyu na tarar da littattafan a kabad ɗin ofishin hedimasta, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba, gara har ta fara taɓa kwalin ƙasa. Da na tambaye shi bai ɓoye ba. "Malama, kun sa na sa hannu a kan adadi. Idan yara suka yaga ko suka ɓatar, wa za a tuhuma?" Tambayar tana kan hanya. Muka samo masa takarda a rubuce cewa littafin da ya tsufa a hannun yaro ba laifin kowa ba ne. Littattafai suka fito, aka raba ɗaya ga yara uku.

Abin da na gani bayan nan shi ne yara suna buɗe shafi suna kallon hotuna. An rubuta littafin aji biyar ne don yaron da ya iya karatun aji huɗu, kuma da Turanci, harshen da ba wanda ke magana da shi a garin. Daga baya na karanta cewa an taɓa ganin irin wannan a yammacin Kenya a tsakiyar shekarun 1990, inda masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan bincikensa suka bi makarantun da aka raba wa littattafai. Sakamakon jarrabawar yawancin yara bai motsa ba, sai na waɗanda dama suke kan gaba. A lokacin ban san da wannan ba. A rahoton ƙarshen shekara mun rubuta cewa an cimma abin da aka sa a gaba, kuma bisa ma'aunin da aka ba mu gaskiya ne.

2018: Bita a babban birnin jiha

Mataki na gaba shi ne horar da malamai. An ɗauki biyu daga kowace makaranta aka kai su bitar kwana biyar a wani otal, da sharaɗin idan sun koma za su koya wa sauran. An yi musu bayanin koyarwa mai sa yaro a gaba, aikin rukuni, kayan koyarwa na gida da tsara darasi. Yawancin bayanin da Turanci aka yi shi. Sun karɓi kuɗin mota da takardar shaida suka koma.

Bayan wata guda na zauna a bayan aji huɗu. An juya benci suna fuskantar juna, an manna kwalaye masu zane a bango. Darasin kuwa yana nan yadda yake: malam ya cika allo da rubutu, ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya, sannan a ce a kwafa. Koya wa sauran malamai bai yiwu ba, don babu lokacin da aka ware masa, kuma waɗanda ba a ɗauka ba suna jin an yi rabo babu su. Malamin ya ce da ni bayan an tashi: "Malama, a bita mu ashirin ne a ɗaki mai fanka, kowa da takardarsa. Nan yara tamanin ne da alli guda. Kuma idan sufeto ya zo, manhaja zai duba ya ga ina na kai."

2019: Zama da yara ɗaya bayan ɗaya

A wannan shekarar ne Bankin Duniya ya fito da ƙiyasin cewa kashi 53 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Masu ba da tallafi suka fara tambayar abin da yara suka koya, ba yawan waɗanda aka rubuta kaɗai ba. Sai aka ba mu wani katin gwaji da Hausa, wanda aka tsara bisa wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya take amfani da shi a binciken ƙauyuka na shekara-shekara tun 2005. Takarda ce guda mai kashi huɗu: baƙaƙe, kalmomi, ɗan sakin layi mai jimla huɗu, da gajeren labari. Ana fara wa yaro da sakin layi. Idan ya wuce a hau da shi labari, idan ya kasa a sauko kalmomi, idan nan ma ya kasa a sauko baƙaƙe. Ba a cika wuce minti biyar a kan yaro ɗaya ba.

Muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, muka yi kwana uku muna kiran 'yan aji huɗu zuwa shida. Rukuni mafi yawa shi ne na waɗanda ko dai ba su gane baƙi ba, ko sun gane baƙi amma ba sa iya haɗa shi da wasali. Waɗanda suka karanta labarin har ƙarshe a ajujuwan uku gaba ɗaya ba su kai goma ba.

Wata yarinya 'yar aji biyar ta zo da littafin rubutunta a hannu. Rubutunta tsaf, layi bisa layi, har da ja da jan biro a ƙarƙashin kan magana. Na nuna mata kalmar "kaza" a kati. Ta daɗe tana dubawa, ta ɗago ta dubi bakina tana jiran in fara ta bi. Na buɗe littafinta na nuna mata wani layi da ta rubuta da hannunta a makon, shi ma ba ta iya ba. Shekara biyar tana zana haruffa kamar yadda ake kwaikwayon zanen lalle. Na tambaye ta ko tana zuwa makarantar allo, ta ce tana zuwa. Washegari ta zo mini da allonta a cikin hijabi, ta ɗora yatsa a kai ta karanta. Na sa yatsana a tsakiyar wani layi don in ga ko hadda ce kawai, ta ɗauka daga nan ta ci gaba ba gargada.

Hedimasta bai yarda da sakamakon ba da farko. Ya aika aka kira yaron da ke ɗaukar na ɗaya a aji shida, wanda a gwajinmu ya tsaya a kalmomi. Ya ce tsoron baƙuwar fuska ne ya kama shi. Na miƙa masa katin na koma gefe, ya zauna a tabarmar ya gwada shi da kansa, ya sake kiran wasu biyar. Da ya gama ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko zan bar masa katin. Gani ya kori ji.

2020: Shekarar da aka rufe makarantu

An shirya fara gyara a farkon 2020, sai annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar a watan Maris. Muka koma ga darussan rediyo da ake watsawa a lokacin, muka raba takardun aikin gida. A wannan gari abin bai kama ba. Rediyo ta maigida ce, tana rataye a kafaɗarsa zuwa gona ko majalisa, takardar aikin gida kuma tana buƙatar wanda zai karanta wa yaro umarnin da ke kanta. An buɗe makarantu wajen Oktoba, ba a daɗe ba aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disamba. Garin ba ya kusa da can, amma tsoro ya shiga iyaye, wasu suka riƙe 'ya'yansu a gida na makonni. Da muka sake gwaji a farkon 2021, wasu da muka bari a matakin kalma sun koma matakin baƙi, wasu 'yan matan aji shida kuma an yi musu aure ko an sa rana.

2021: Raba yara bisa inda karatunsu ya tsaya

Hanyar da muka ɗauko ita ma ta Pratham ce, wadda aka riga aka gwada a Zambiya, kuma aka shigo da ita Borno da Kano a shekarun da suka gabata. Tsarinta ba shi da wuyar faɗa. A ajiye batun aji na awa ɗaya a kowace rana, a haɗa 'yan aji huɗu zuwa shida, a raba su bisa sakamakon kati: rukunin baƙi, rukunin kalma, rukunin labari. Kowane malami ya ɗauki rukuni guda ya koyar da abin da rukunin ke buƙata, da Hausa. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya wuce ya hau gaba.

Yunƙurin farko bai yi nasara ba. Don kada mu taɓa jadawalin hukuma, muka sa darasin bayan an tashi. Makon farko yara suka tsaya don sabon abu ne. Zuwa mako na uku yunwa, talla da Islamiyyar yamma sun kwashe su, malamai kuma da ke zuwa daga wasu garuruwa suna sauri su kama hanya. Muka mayar da shi farkon safiya, sai ya zamana 'yan mata, waɗanda sai sun ɗebo ruwa sun zagaya da koko da ƙosai, suna isowa an yi rabi. Bayan hutun tara kuwa yara da dama ba sa dawowa. Malaman ne suka ce a sa shi daga ƙarfe tara zuwa goma, dab da fita tara, lokacin da makaranta ta fi cika. A nan ya zauna.

Wannan ya ci lokacin wasu darussa, malamai suka ce ba za su yi ba sai da izini. Muka yi ta zirga-zirga har sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya ba da takarda da hatimi cewa awar tana cikin jadawali, kuma ba za a tuhumi malami kan gibin manhaja saboda ita ba. Hedimasta ya manna takardar a bangon ofis inda duk sufeton da ya shigo zai gani.

Daga nan sai iyaye. Wani uba ya zo a fusace, an gaya masa ɗansa na aji shida yana zaune da 'yan aji huɗu suna "ba, be, bi, bo, bu". A ganinsa an mayar da yaron baya ne, an kunyata shi. Maganar ta bazu, aka kira taro a ƙofar gidan dagaci. Na yi bayani iya ƙoƙarina, ban ga alamar ya shiga ba. Sai liman, wanda yake cikin kwamitin makaranta kuma yana da almajirai a zaurensa, ya nemi a ba shi katin. Ya sa aka yi masa bayanin kashi huɗun nan, ya juya ga dagaci.

"Ranka ya daɗe, ai wannan ba baƙon abu ba ne. A wajenmu ba a kai yaro farfaru bai gama babbaƙu ba. Kuma ba a wanke masa allo don shekarunsa sun kai, sai ya biya an ji ya zauna. Yara talatin a zaure, kowa da inda allonsa ya tsaya. Ni abin da ya daɗe yana ba ni mamaki da boko shi ne yadda ake ɗora wa yaro ƙari bai iya na baya ba."

Uban yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, in haka ne ba ni da ta cewa." Ba a sake tayar da maganar ba. Tun daga ranar mutanen garin suke kiran rukunin farko 'yan babbaƙu, mu ma muka bi su.

Abu na ƙarshe da aka ƙara shi ne mai bibiya. A maimakon sabuwar bita a otal, aka ɗauki jami'in ƙaramar hukuma mai zagaya makarantun yankin, aka sa ya koyar da rukunin baƙi da kansa na mako biyu kafin ya fara duba kowa. Wannan ma daga Indiya aka koya. Binciken da masana tattalin arziki Abhijit Banerjee, Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi tare da Pratham ya nuna cewa a jihohin Bihar da Uttarakhand, inda aka ba malamai horo da kayan aiki aka bar su, ba a ga canjin kirki ba a cikin zangon karatu. A jihar Haryana, inda aka ware awa ta musamman kuma jami'an gwamnati da suka taɓa koyar da hanyar suke zagayawa, karatun yara ya ɗaga. Jami'inmu yana zuwa duk mako biyu a babur ɗinsa. Idan ya ga malami ya kakare, ba ya fito da biro ya rubuta, sai ya ce, "Malam, ba ni alli in gwada, ka duba mini."

Na sha zama a rukunin babbaƙu, wanda malama ɗaya tilo ta makarantar ta riƙe. An ture benci gefe, yara sun yi da'ira a ƙasa. Ta yanka kwalin sabulu ta rubuta baƙi ɗaya a kowane yanki. Ta ɗaga "k", ta kawo "a" kusa da shi a hankali har su haɗu, yara su ce "ka". Kowa ya rubuta da yatsa a ƙasa, ya share da tafin hannu, ya sake. Daga nan a baje katunan gaɓoɓi a tsakiya, a ce wa zai haɗa mini sunan abin da ake ci. Hausar boko tana da sauƙi a nan, domin galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. Yaron da ya kama baƙaƙe da wasula biyar ya riga ya riƙe mabuɗin kalmomi masu yawa. Na ga wani ɗan aji shida, dogo, wanda kullum yake maƙale a baya, ya jawo "tu" ya jawo "wo", leɓensa na motsi, can ya ɗago da ƙarfi ya ce, "Tuwo! Malama, tuwo ne!" Ya ƙi sakin katunan har aka fita tara.

A rukunin labari littattafan da muka kawo a 2017 ba su yi amfani ba, sai malamai suka riƙa rubuta gajerun labarai a kwali: akuyar da ta shiga gonar gero, yaron da ya ɓatar da kuɗin niƙa. A lissafi aka yi amfani da tsinken tsintsiya, goma-goma a ɗaure da zare, don yaro ya ga da idonsa abin da ake nufi da aro idan ana ɗebewa.

2022: Abin da ya kusa rusa shi

Gwajin ƙarshen zangon farko ya nuna rukunin babbaƙu ya ragu da kusan rabi. Hedimasta ya zana jadawali a bango yana jan layi ga duk yaron da ya hau. Sai abubuwa biyu suka faɗo. Aka yi wa malamar canjin wurin aiki zuwa garin mijinta ba tare da an turo madadinta ba. Damina kuma ta sauka, manyan yara maza suka tafi gona na makonni, suka dawo sun manta rabin abin da suka kama.

Wanda aka ba rukuninta ya koma rubutu a allo da amsawa da murya ɗaya, a zangon nan kusan ba wanda ya hau. Kwamitin makaranta ne ya samo mafita. Akwai wata 'yar garin mai takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaune a gida ba aiki. Matan unguwa suka je suka roƙi mijinta, kwamiti ya yi alkawarin haɗa mata hatsi da kaka da ɗan abin sabulu duk wata. Jami'in ƙaramar hukuma ya zauna da ita a aji na mako guda. Game da damina, aka amince duk yaron da ya dawo daga gona a sake gwada shi ranar da ya dawo, a sa shi inda ya dace, ba tare da faɗa ko bulala ba.

2023: Ƙarewar tallafi da abin da ya saura

Wa'adin aikinmu ya cika a tsakiyar 2023. A gwajin ƙarshe fiye da rabin 'yan aji huɗu zuwa shida sun karanta sakin layi ko labari da Hausa. A lissafi an samu ci gaba a tarawa da ɗebewa, rabawa kuwa ta ci gaba da ba yawancinsu wuya. Turanci bai motsa sosai ba. Akwai kuma 'yan tsirarun da suka shekara biyu ba su bar babbaƙu ba. Yawancinsu masu zuwa yau su tsallake gobe ne, biyu kuma daga baya aka gane ɗaya ba ya ji sosai, ɗaya ba ta gani daga nesa. Aji shida ya fi cika fiye da yadda na tarar da shi, 'yan mata sun ƙaru a ciki, ko da yake ba zan iya raba rabon karatun da na banɗaki da gangami a wannan ba.

A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin man da muke ba jami'in ya tsaya daidai lokacin, zuwansa ya koma sau ɗaya ko biyu a zango. Da na leƙa a ƙarshen shekarar, awar ƙarfe tara tana nan, katunan sun yi baƙi don hannu, an sake yanka wasu. Gwajin da ake yi duk 'yan makonni ya koma sau ɗaya a zango.

Abin da na fahimta

Rufi, benci da banɗaki ba asara ba ne, yaro ba ya karatu ruwa na zuba a kansa. Amma shekara biyu muka yi muna maganin abin da fom ɗinmu ya iya ƙirgawa, alhali dattijon nan ya faɗa mana ciwon tun ranar farko. Littattafai da bita sun faɗi ne a dalili guda: duka biyun sun ɗauka cewa ɗan aji biyar yana matakin aji biyar. Manhaja tana gudu, yaron da ya yi tuntuɓe a aji biyu ba wanda ya waiwaye shi, ana ta ɗaga shi aji yana kwafar abin da bai san mene ne ba.

Raba rukuni ya yi aiki domin ya koma inda yaron ya tsaya, da harshen da yake tunani da shi. Amma shi kaɗai bai isa ba, mun gani a darasin bayan an tashi da kuma zangon da malamar ta tafi. Sai da ya samu awa a cikin jadawali, takardar da ta cire wa malami tsoron sufeto, mai bibiya da ya taɓa riƙe allin, da hedimasta da ya gwada yara da hannunsa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai kai kuɗin bitar otal ba. Ina kuma ganin da ba don liman ba, da taron ƙofar dagaci ya kashe shirin. Mun ɗauko hanya daga Indiya, ashe tushenta yana zaure a tsakiyar garin, kuma a shekara huɗu ba wanda ya tambayi malamin allo yadda yake koyarwa, har da ni.

Abin da ba mu taɓa ba shi ne bakin rijiyar. A wancan lokacin manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da cewa a koyar da ƙananan ajujuwa da harshen gida, amma a aji ɗaya na wannan makaranta malami guda ne da yara fiye da ɗari, kuma kowace shekara suna isowa aji huɗu ba su san baƙi ba. Hedimasta ya rubuta wa ƙaramar hukuma sau biyu yana neman a ɗauki 'yar garin nan aiki, a kuma ƙara masa malami a aji ɗaya. A zuwana na ƙarshe ya nuna mini kwafin takarda ta uku, yana jiran ranar kasuwa ya sami mai kai ta.